Filidor, mawaƙin da ya koya wa duniya auna ƙarshen wasan dara

Masu dara a Madarunfa da Maradi sun san cewa ƙarshen wasa ne ke raba gwani da ɗan koyo. A darar Turawa, wadda masu Faransanci ke kira eshek, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara tsara wannan ilimi shi ne Faransuwa Andire Danikan Filidor.

An haife shi ranar 7 ga Satumba 1726 a garin Dreux na Faransa, a gidan makaɗan fada. Yana ɗan shekara 6 ya shiga ƙungiyar mawaƙan Sarki Luwi na 15, kuma a wajensu ya koyi dara. Daga baya ya goge a gidan shan kofi na Rejans da ke Paris, a hannun Legal, gwanin zamanin, har ya zarce malamin nasa.

A 1747 ya doke Filip Istamma, mutumin Halab ta Siriya, a Landan. A 1749 ya wallafa littafinsa na nazarin wasan, inda ya nuna cewa dakaru, ƙananan ƴaƴan da ake rainawa, su ne ginshiƙin wasa. Bai bar kiɗa ba: wasan waƙarsa mai suna Tom Jones ya fito a 1765.

Babban gadonsa shi ne amsa tambaya ɗaya: idan ƴaƴa suka ƙare saura kaɗan, akwai ci ko canjaras ne? A bugun 1777 ya bayyana yadda mai sarki da hasumiya zai tsira daga abokin karawar da ya fi shi da dakare ɗaya. Sarki ya tare gaban dakaren, hasumiya ta tsaya a layi na uku, idan dakaren ya iso layin sai ta koma can baya tana damun sarkin abokin gaba. Har yau ana kiran wannan tsari da sunansa.

Masanan baya, irin su Andire Sheron na Faransa, sun bi wannan hanya wajen auna wasan giwaye, wato ɗan da Faransawa ke kira wawan sarki. Allon gida 64 ne, rabi fari rabi baƙi, kuma giwa ba ta barin launinta. Idan ta wannan tana fari, ta wancan tana baƙi, ba za su taɓa haɗuwa ba. Shi ya sa rinjayen dakare ɗaya galibi canjaras ne. Ko biyu ma, idan suna manne da juna, sau da yawa ana tare su. Amma idan sahu biyu ko fiye ya raba su, sarki da giwa sukan kasa tsaron ƙofa biyu.

A 1783 Filidor ya kara da mutum uku a lokaci guda a Landan, ba tare da kallon allo ba. Juyin juya halin Faransa ya rutsa da shi a Ingila, aka sa sunansa cikin jerin waɗanda suka gudu, komawa gida ta gagara. Ya rasu a Landan ranar 31 ga Agusta 1795, yana da shekara 68, nesa da matarsa da ƴaƴansa.