Babban Gwani Malam Mika'ilu: Rayuwar Magini da Saninsa na Ɗabi'ar Ƙasa da Azara

1.0 Gabatarwa

Manazarta tarihin ƙasar Hausa sun fi mayar da hankali ga sarakuna da malamai da mayaƙa, ba kasafai suke waiwayar masu sana'a ba. Babban Gwani Malam Mika'ilu na cikin 'yan ƙalilan ɗin da sunansu ya tsira daga wannan mantuwa. Wannan maƙala za ta bi sawun rayuwarsa, ta kuma auna aikinsa da ma'aunin kimiyyar kayan ƙira, wato fannin da ke nazarin yadda tsarin cikin abu ke haifar da ƙarfinsa ko rauninsa.

2.0 Zamaninsa da Ayyukansa

Malam Mika'ilu ya rayu a ƙarni na 19, zamanin da masarautun Daular Usmaniyya ke gina masallatan Juma'a da fadoji bayan jihadi. Ruwayar baka ta nuna cewa daga shugabannin jihadi ya samu laƙabin Babban Gwani. A Zariya ya yi fice, inda har yau akwai unguwa mai ɗauke da wannan suna, zuriyarsa kuma suka gaji sana'ar gini.

Babban aikinsa shi ne Masallacin Juma'a na Zariya, wanda aka gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834–1846). Ginin ya ƙunshi ɗakin salla, da ɗakin shari'a, da wuraren alwala, duk cikin katanga guda. Rufin ɗakin salla tulluwa ce a kan bakan gizo, bakan gizo kuma a kan manyan ginshiƙai masu ado. A ƙasar Bauchi ana jingina Gidan Madaki na Kafin Madaki, wanda aka gina wajen 1860, ga Babban Gwani Muhammadu Durugu, sunan da wasu marubuta ke haɗawa da na Mika'ilu.

Almara ta lulluɓe rayuwarsa, kamar yadda takan yi wa duk gwanin da ya gagari tsararsa. An ce cikin dare yake gini shi kaɗai. An kuma ce bayan ya gina wa Sarkin Birnin Gwari masallaci sai aka kashe shi, don kada ya sake gina wa wani irinsa. Waɗannan labarai suna nuna girman mamakin da aikinsa ya jefa jama'a ciki. Sai dai ba sai an jingina gwanintarsa ga aljanu ba, domin ginin da kansa ya isa shaida.

3.0 Daga Ƙwayar Yumɓu Zuwa Bango

Birjin da magina ke haƙowa cakuɗe ne na tsakuwa da yashi da yumɓu, tsatsar ƙarfen da ke cikinsa kuma ita ke ba shi launin ja. Yumɓu ne ke ɗaure sauran. Bayan William Henry Bragg da ɗansa Lawrence sun buɗe hanyar gano jerin ƙwayoyin zarra da hasken hoton ƙashi a 1913, Linus Pauling ya bayyana a 1930 cewa ma'adinan yumɓu falle-falle suke. A nau'in kawolin, kowane falle shimfiɗar silika ce manne da shimfiɗar alumina, kaurinsa bai kai kaso ɗaya cikin miliyan na milimita ba.

Wannan siffa ce tushen ɗabi'ar ƙasar gini. Idan ruwa ya ratsa tsakanin ɓarɓashin yumɓu, sai su riƙa zamewa a kan juna, ƙasa ta yi laushi ta karɓi kowace siffa. Idan ruwan ya ƙafe, sai su matso su kama juna, ƙasar ta taurare, ta kuma tsuke. Tsukewar ce ke haifar da tsaga. Shi ya sa magini ke jiƙa ƙasa ya bar ta ta kwana, ya tattake ta da ciyawa, ya mulmula tubali ya shanya, sannan ya ɗora gini kaɗan-kaɗan yana jiran kowane sahu ya sha iska. A. A. Griffith ya nuna a 1921 cewa abu mai gautsi daga ƙananan tsagogin cikinsa yake karyewa, domin nauyi kan taru a bakin tsaga. Zaren ciyawa yana ɗinke bakin tsagar, ya hana ta tafiya.

4.0 Azara da Bakan Gizo

Busasshiyar ƙasa tana jure danniya, amma ba ta jure ja ko lanƙwasa. Bango mai kaurin gindi ba ya fuskantar wannan matsala, rufi kuwa dole ya fuskance ta. Nan azara ta shigo. Ana tsaga ta daga kututturen giginya, wanda gefensa ke cike da baƙaƙen zaruruwa masu tauri da suka miƙe daga gindi zuwa sama. Saboda haka tana jure ja, gara kuma ba ta cika cin ta ba. Iyakarta ita ce tsawo: idan tazara ta wuce kimanin mita 2 ba tare da matokari ba, sai ta fara lotsawa a ƙarƙashin nauyin ƙasa.

Bakan gizo ne amsar wannan iyaka. Magini kan dasa azara cikin bango ko ginshiƙi, ya karkatar da ita ciki, ya ɗaure da igiya, ya yaɓe da ƙasa, ya jira ta bushe, sannan ya ɗora wani ɗauri a gaba. Haka ɓangarori biyu ke rarrafowa har su haɗu a tsakiya. Ƙasa ta ɗauki danniya, azara ta ɗauki ja. Wannan rabon aiki shi ne ke tsakanin kankare da rodi, wanda Joseph Monier ya yi wa rajista a Faransa a 1867. Ba Malam Mika'ilu ne ya ƙirƙiro bakan gizo ba, ya gaje shi ne. Fifikonsa shi ne sanin inda ƙarfin kowane abu ya tsaya, har ya sarƙa baka cikin baka ya rufe fili mai ɗaukar jam'i.

Abokin gabar ginin ƙasa shi ne ruwa, tunda yana mayar da yumɓu ga laushinsa na farko. Maganin da magina suka tanada shi ne makuba daga ɓawon ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsi da dafara da gashin jima, sai indararo, sai kuma yaɓe kafin kowace damina.

5.0 Makomar Gadonsa

A shekarun 1970 aka kewaye tsohon ɗakin sallar da sabon ginin siminti. J. C. Moughtin da Z. R. Dmochowski sun auna masallacin sun zana shi, an kuma gina kwatankwacinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya na Jos. Hamman Tukur Sa'ad ya yi nazarin maginan Hausa a kundinsa na 1981.

A ƙauyukan Makoda, inda mai wannan nazari ya taso, bulo da kwano na maye gurbin tubali da soro. Sau da yawa akan shafe bangon ƙasa da siminti, danshi ya maƙale a baya, ƙasar ta kumbura ta tsuke, simintin kuwa ya ƙi bin ta, har ya ɓamɓaro da fuskar bangon.

6.0 Kammalawa

Rayuwar Babban Gwani ta nuna cewa Bahaushe ya mallaki ingantaccen sani game da kayan gininsa, sanin da ke ajiye a hannun magina da kalmomin sana'arsu. Kalmomi irin su tauyi da ɗaurin guga da tulluwa kowacce na ɗauke da ƙa'idar aiki. Haƙƙi ne a kan sassan nazarin Hausa su haɗa hannu da na injiniya su tattara wannan sani daga bakin tsofaffin magina tun suna raye.