Benjamin Franklin, ɗan mai sabulun da ya kafa wa tsawa ƙarfe bisa makaranta

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa zuwa wurin ƴan canji zai tafi saro kaya Dubai ko Sin, ya san takardar dala 100 ta Amurka, wadda ta sha bamban da dala ɗari tamu ta cinikin tumatir da albasa. A jikinta akwai hoton wani tsoho mai sanƙo, sauran gashin ya zubo masa har kafaɗa. Da yawa cikinmu na ɗaukarsa tsohon shugaban ƙasa, alhali bai taɓa riƙe wannan kujera ba. Sunansa Benjamin Franklin, kuma shi ne ya fito da dabarar kafa ƙarfe bisa gini don kare shi daga faɗuwar tsawa. Tun da yake hadarin farkon damina na iske ɗiyanmu cikin azuzuwa, mun ga ya dace mu kawo muku tarihinsa.

An haife shi ran 17 ga Janairu 1706 a birnin Boston, lokacin ƙasar tana hannun Turawan Ingila. Ubansa Josiah sana'arsa dafa sabulu da kyandir na kitse, kuma ɗiya 17 Allah ya ba shi. Benjamin ne na 15, autan maza. Shekara biyu kaɗai ya yi a lakwal, kuɗi suka gaza, aka maido shi gida yana ɗan shekara 10 yana yanka lagwani. Da ya kai 12 aka ba da shi koyon aiki wurin wansa James mai injin buga takardu, bisa yarjejeniyar zai zauna har ya cika 21. Wan nan mai saurin hannu ne, yakan doke shi. Yaron kuwa karatu ya shiga ransa, har ya daina cin nama, ya roƙi a riƙa ba shi rabin kuɗin abincinsa a hannu, ya ci abu kaɗan, sauran ya sayi littafi.

A 1723, yana da shekara 17, ya gudu zuwa Filadelfiya. Ya shiga garin da datti da yunwa, ya sayi manyan burodi uku, ya maƙale biyu a hammata yana tafe yana cin ɗaya. Wata budurwa mai suna Deborah Read ta hange shi daga ƙofar gidansu, abin ya ba ta dariya. Ita ce ta zamo matarsa a 1730. Kafin nan sai da ya sha irin wuyar da ƴan kasuwa suka sani: gwamnan lardin ya yi masa alkawarin takardar lamuni don ya je Landan ya sayo injin kansa, ya hau jirgin ruwa a 1724, ya isa ya tarar babu takarda babu dalilinta. Ƙwadago ya yi can har 1726 kafin ya samu ya komo.

A 1728 ya buɗe nasa wurin buga takardu da jarin bashi, a 1729 ya sayi jaridar Pennsylvania Gazette. Da kansa yake turo takardun da ya saro cikin baro a tsakiyar titi, don masu binsa bashi su gani da idonsu cewa ba ya girman kai da aiki. A nan ya kamata mu ba Deborah haƙƙinta, domin masu rubuta tarihi kan wuce ta da sauri. Ita ke zaune a butiki tana sayar da takarda da tawada da sabulu, ita ke riƙe littafin bashi. Wani kundin kalanda da ya fara fitarwa a 1732 ya kai ana sayar da kamar kofi 10.000 kowace shekara. A 1748, yana da shekara 42, ya ga abin da ya tara ya ishe shi, ya miƙa aikin ga abokin cinikinsa David Hall, ya koma bincike.

A wancan zamani ba kuran a gidan kowa. Wutar lantarki abin wasa ce, a goga kwalba da ƙyalle ta yi tartsatsi, ƴan kallo su yi shewa. Franklin ya ɗauki wasan da gaske. Alamar + da − da muke gani jikin batirin tocila, shi ya fara kiran ɓangarorin wutar da waɗannan sunaye. Wasan ya kusa kashe shi a Disamba 1750, ranar da ya so yanka talotalo da wutar, ya yi kuskure ta bi ta jikinsa. Ya lura cewa ƙarfe mai tsini na jan wutar tun daga nesa. Ya kuma zauna ya jera kamannin da ke tsakanin tartsatsin kwalbarsa da walƙiya: haskensu iri ɗaya, tafiyarsu a karkace, duk suna bin ƙarfe, suna narka shi, suna kashe dabba. Ya ce ke nan abu ɗaya ne, ya kuma rubuta yadda za a gwada.

Turawan Faransa ne suka riga shi gwadawa. Wani masani mai suna Dalibard ya kafa ƙarfe mai tsawon kamar mita 13 a ƙauyen Marly-la-Ville, arewa da Paris. Ran 10 ga Mayu 1752 hadari ya biyo ta kansa, wani tsohon soja da aka bari gadi ya kusantar da waya, tartsatsi ya fito. A Yuni na shekarar, kafin labarin ya ƙetaro teku, Franklin da ɗansa William suka yi nasu. Ya ɗaura adikon siliki bisa ƴan sanduna biyu, irin abin wasan nan da ake sakar wa zare iska ta ɗaga shi sama, ya sa waya mai tsini a kai, ya rataya makulli a ƙarshen zaren, shi kuma ya laɓe cikin rumfa. Da zaren ya jiƙe, ya kai hannu kusa da makullin, ya ji tartsatsi. Muna jan kunnen yara da malamansu a nan: tsawar ba ta faɗo kan abin ba, wutar da ke cikin iska ce kawai ya tsinta, da ta faɗo da wuya ya kai labari. A Agusta 1753 wani shehun malami mai suna Richmann ya yi irin wannan gwaji a birnin Saint-Pétersbourg na Rasha, tsawa ta buge shi a goshi ya mutu nan take.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne inda aka fara kafa ƙarfen. Franklin na cikin waɗanda suka assasa wata makaranta a Filadelfiya, wadda ta buɗe a 1751, ita ce yau Jami'ar Pennsylvania. A 1752 aka kafa ƙarfen kare tsawa bisa wannan makaranta da kuma gidan majalisar lardin. Cikin kalandarsa ta 1753 ya bayyana wa kowa yadda ake yi: a sami sandar ƙarfe, kanta mai tsini ya zarce ƙololuwar gini da kamar mita biyu, gindinta ya nutse kamar mita ɗaya cikin ƙasa mai laima. Tsawa na neman hanya mafi sauƙi zuwa ƙasa. In ta sami ƙarfe sai ta bi shi ta shige, ta bar katako da bango da mutanen da ke ciki. Bai yi wa dabarar rajista da sunansa ba, bai karɓi ko tamma a kanta ba. Ga mutumin da ya san daɗin riba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Har cikin gidansa ya jawo waya ya haɗa da ƴan ƙararrawa biyu, hadari na tasowa su kama kaɗawa. Da ya yi tafiya Landan, ƙarar ta hana Deborah sakat, sai da ta aika masa takarda tana tambayar yadda za ta yi su yi shiru.

Ba kowa ya karɓi abin ba. Bayan girgizar ƙasar da aka yi a yankin Boston a 1755, wani babban limamin coci ya ɗora alhakin a kan yawan ƙarafunan da aka kafa. A garin Saint-Omer na Faransa maƙwabta suka kai ƙarar wani dattijo don ya sa ƙarfen bisa gidansa, aka umurce shi ya cire. Wani matashin lauya, Robespierre, wanda daga baya ya yi suna a juyin juya halin Faransa, shi ya tsaya masa har ya ci shari'ar a 1783. A garin Brescia na Italiya kuwa, a 1769, tsawa ta faɗo kan hasumiyar da aka tara albarushi wajen tan 90, wani babban yanki na garin ya rushe da mutanensa. Irin wannan asara ce ta sa masu gardama suka riƙa sassautawa. Mu da muke rantsuwa da aradu da kwarankwatsa a bakin ciniki, bai kamata mu yi wa mutanen can dariya ba. Har yau in tsawa ta kashe mutum, akwai masu raɗa cewa wani abu ya ɗauka ko rantsuwar ƙarya ya yi. To ɗan aji biyu me ya sata?

Ran 28 ga Yuni 2011 tsawa ta faɗo kan makarantar firamare ta Runyanya a ƙasar Yuganda, ta kashe ɗalibai 18. Saboda su ne ake tunawa da wannan rana kowace shekara a matsayin ranar faɗakarwa kan haɗarin tsawa. Halin da yaran can suke ciki bai yi nisa da namu ba. Makarantunmu da yawa a fili suke, bayan gari, babu wani gini da ya fi su tsawo. Wasu azuzuwan rumfar zana ne, wasu almajiran kuma gindin icce ne ajinsu. Franklin tun 1749 ya rubuta cewa fakewa gindin icce lokacin hadari haɗari ne, domin dogon abu ne tsawa ke fara samu, daga nan ta yi tsalle kan wanda ke kusa. Shi dai ya ɗauka tsayawa a fili ya fi, masanan yanzu kuwa sun nuna filin ma ba mafaka ba ne, don wutar na yaɗuwa ta cikin ƙasa ta kayar da duk wanda ke kewaye.

Abin da aka tabbatar yau mai sauƙin riƙewa ne. Ƙarar tsawa na cin kilomita ɗaya cikin daƙiƙa uku, kuma duk wanda ya ji ƙarar yana inda za ta iya samunsa. Da an ji, a tsayar da wasan ƙwallo da fareti da sharar fili, a nisanci sandar tuta, a shigar da yara cikin gini mai ƙwari, nesa da ƙofa da taga da bango. Rumfar zana ko ta kwano marar bango ruwa kawai take tarewa. Kada a fito sai an yi minti 30 ba a sake jin ƙara ba, wannan kuwa shi ne wurin da malamai suka fi gazawa, don yara na ƙagara su tafi gida. Iyayenmu mata masu sayar da ƙosai da awara gindin dogon yaro a ƙofar lakwal, ku ma maganar ta shafe ku, gara a bar kasko da a bar rai. Wanda tsawa ta taɓa kuma, babu wutar da ta rage a jikinsa. A taɓa shi, in numfashi ya tsaya a danna masa ƙirji ba ƙaƙƙautawa, a nufi likita da shi. Mafi yawan waɗanda ta taɓa suna rayuwa.

Shi ƙarfen ma sai an kula. Yashinmu busasshe ne, mita ɗayan Franklin ba ta isa a wurare da yawa, sai masanin aikin ya auna ya nutsa gindin yadda ya kamata. Ƙarfen da wayarsa ta tsinke ya fi babu muni, don ya kira tsawa bai ba ta hanya ba. Wayar kuwa ta jan ƙarfe ce mai tsada, don haka masu sayen tsohon ƙarfe su riƙa tambayar inda aka samo abin da aka kawo masu. Eriyar kamfanin salula da ke can nesa ba ta rufe makaranta, kowane ƙarfe abin da ke kusa da shi yake karewa. Wannan magana ce da iyaye ke iya tayarwa a taron kwamitin COGES kafin damina, a sa ta cikin lissafi tare da tebur da alli.

Sauran rayuwar Franklin siyasa ta cinye ta. Ya tafi Landan a 1764 a matsayin wakilin lardinsa, ya yi shekara goma bai komo ba, Deborah ta rasu a Disamba 1774 ba ta sake ganinsa ba. Ba mu ga uzurin da za a ba shi a nan ba. Ya sa hannu a takardar ƴancin kan Amurka a 1776, ya tafi Faransa ya samo wa ƙasarsa taimakon soja da kuɗi, ya sa hannu a yarjejeniyar sulhu da Ingila a 1783. William, ɗan da ya riƙe masa zare ranar hadari, ya bi bayan sarkin Ingila, suka ɓata har abada. Akwai kuma tabon da ba za mu ɓoye ba: ya mallaki bayi baƙar fata, jaridarsa ta yi tallar sayar da su. A 1763 ya ziyarci wata makarantar yara baƙar fata a Filadelfiya, ya ga fahimtarsu daidai take da ta ɗiyan Turawa, tunaninsa ya fara juyawa. A 1787 ya zamo shugaban ƙungiyar yaƙi da bauta ta lardinsa, a Fabrairu 1790 ya aika wa majalisar ƙasa takardar neman a kawo ƙarshenta, ba su saurare shi ba.

Ya rasu ran 17 ga Afrilu 1790 yana da shekara 84. Mutum wajen 20.000 suka raka gawarsa, majalisar Faransa ta yi zaman makoki na kwana uku. Cikin wasiyyarsa ya bar fam 1.000 ga Boston, fam 1.000 ga Filadelfiya, a riƙa ranta wa matasan da suka gama koyon sana'a don su kafa nasu wurin, kuɗin na juyawa har shekara 200. Da wani kaso na rabon Boston aka gina makarantar koyon sana'a da ta buɗe a 1908, sauran kuma aka raba shi da wa'adin ya cika a 1990.