Josef Haidin, Baran Fada Da Turawa Ke Kira Uban Simfoni

A wannan fitowa mun yi nisan zango, domin kuwa har ƙasar Ostiriya muka leƙa don mu kawo muku labarin wani makaɗi da ya mutu tun 1809, amma har gobe in 'yan ƙwallon Jamus suka jeru a fili aka kaɗa musu taken ƙasarsu, to karin da ya tsara ne kunne ke ji. Turawa na rubuta sunansa Haydn, amma a baki Haidin ake cewa.

Kafin mu shiga labarin, ya kamata mai karatu ya san irin kiɗan da ake magana. Kiɗa ne da ake rubutawa a takarda da wasu alamomi, mai tsara shi daban, masu kaɗa shi daban, kuma galibinsa babu waƙa a ciki, babu kirari, babu roƙo, sai dai goge da sarewa da ƙaho su yi ta magana da junansu. Masana sun raba tarihinsa zamani-zamani, kuma tsakanin wajen 1750 zuwa 1820 shi suke kira zamanin Kilasika. Kafin wannan lokaci kiɗan cunkushe yake, kari uku ko huɗu suna tafiya tare suna saƙa kamar igiya. Sai mutane suka fara son abu mai haske, watau kari guda a sama wanda kowa zai iya riƙewa, sauran kayan kiɗa kuma suna tallafa masa a ƙasa. Mutum uku ne jigajigan wannan zamani: Haidin, Mozat da Bethoben, dukansu kuma a birnin Biyana suka ƙare rayuwarsu. Haidin ne babbansu a shekaru, kuma shi ya share wa sauran biyun hanya.

An haife shi a ƙarshen watan Maris na 1732 a ƙauyen Rohrau, kusa da kan iyakar Hungari. Mahaifinsa Mathias maƙerin ƙafafun keken doki ne, mahaifiyarsa Mariya kuwa ta taɓa yin aikin kuku a gidan wani basarake. Uban yana ɗan taɓa kiɗa da yamma, amma bai iya karanta rubutunsa ba. Da suka lura yaron yana da murya, yana ɗan shekara shida suka miƙa shi ga wani ɗan'uwansu malamin makaranta a garin Hainburg. Daga ranar nan Haidin bai sake zama gidan iyayensa ba. Ya koyi goge da rera waƙa, amma ya sha bulala, ya kuma sha yunwa. A 1740 aka ɗauke shi zuwa Biyana cikin yara masu waƙa a babbar majami'ar Istifanus, ya shekara tara a can. Da muryarsa ta fashe a 1749 amfaninsa ya ƙare, ga shi kuma ya ƙara da tsokana, ya sa almakashi ya datse wa wani yaro kitson ƙeya. Aka zane shi, aka kore shi, ya fito titi ba ko anini.

Shekarun da suka biyo baya na buga-buga ne. Ya koyar da yara, ya yi kiɗa a bakin titi da dare, har ya yi barantaka ga wani tsohon mawaƙin Italiya mai suna Porpora, yana yi masa hidima don dai ya tsinci ilimi. Da yake bai sami malamin kirki a majami'a ba, sai ya zauna da littafin wani masani mai suna Fux ya bi darussansa ɗaya bayan ɗaya shi kaɗai. A 1760 ya yi aure, auren da bai yi daɗi ba ko kaɗan. Ƙanwar yake so, sai ta shiga gidan zuhudu, ya auri yayar, Mariya Anna Keller. Shekara arba'in suna tare, ba haihuwa, ba jituwa.

Ranar 1 ga Mayu 1761 ya sa hannu a takardar aiki da gidan Esterhazi, ɗaya daga cikin gidajen sarauta mafi arziki a Hungari. Wannan takarda tana nan har yau, kuma duk wanda ya san zaman fada zai gane abin da ke cikinta. Dole ya sa tufafin barorin gidan, da farar safa, da hoda a gashi. Kullum, kafin tsakar rana da bayanta, sai ya je zaure ya ji ko Yarima yana bukatar kiɗa. Shi ke kula da kayan kiɗa, shi ke sasanta makaɗa in sun yi rigima. Sa'an nan abin da ya fi nauyi, duk kiɗan da ya rubuta mallakar Yarima ne, ba shi da iznin ba wani. A shekarar ya rubuta simfoni uku masu suna Safiya, Tsakar Rana da Maraice, inda ya ba kusan kowane makaɗi a tawagar wurin da zai nuna gwanintarsa. Dabara ce ta sabon shugaba mai neman goyon bayan na ƙasa da shi, ta kuwa ci.

A 1762 sarautar ta koma hannun Yarima Nikolaus, mutum mai son kiɗa da son ƙawa. Shi ya gina ƙasaitaccen gidan nan na Esterhaza a cikin fadama, nesa da birni, ya kuma fi son zama can. A 1766 Haidin ya zama cikakken sarkin makaɗan gidan. Aiki kam ya sha shi. Yarima yana kaɗa wani irin babban goge mai tsirkiyoyi da yawa da ake kira baritan, saboda shi kaɗai sai da Haidin ya rubuta kiɗa sama da 120, ban da wasannin waƙa na dandamali da kiɗan majami'a. Amma a nan ne kuma sa'arsa take. Yana da tawagar makaɗa a hannunsa kullum, in ya rubuta abu yau, gobe zai ji shi da kunnensa, ya rage nan ya ƙara can. Shi da kansa ya shaida wa marubucin tarihinsa cewa rashin wanda zai kwaikwaya a wannan daji ne ya tilasta masa ƙago nasa.

To, mene ne ya ƙago? Gaskiya dai ba shi ya fara simfoni ba, amma a hannunsa ta girma ta zauna da gindinta. Simfoni doguwar kiɗa ce ta tawaga guda, wadda ya saba raba ta kashi huɗu: na farko mai sauri, na biyu mai sanyi, na uku na rawa mai taku uku da ake kira minuwet, na huɗu kuma mai gudu don a tashi cikin nishaɗi. Kashi na farko shi ne mai wuyar gini, kuma tsarinsa ake kira tsarin sonata. Za a fara da kari a wani matakin sauti da za mu iya kira gida, sai a ƙaura zuwa wani mataki a kawo kari na biyu. A tsakiya sai mai tsarawa ya ɗauki waɗannan karin ya yayyanka su, ya juya su, ya yi ta yawo da su har mai sauraro ya fara ƙosawa, daga nan sai a komo gida a maimaita komai a matakin farko. Gwanintar Haidin ita ce sau da yawa ɗan guntun kari ɗaya tak yake ɗauka ya gina dukan wannan tafiya a kansa. Simfoninsa masu lamba sun kai 104.

Abu na biyu shi ne kiɗan goge huɗu: ƙananan goge biyu, matsakaici ɗaya, da babba mai kauri da ake jingina shi tsakanin gwiwoyi. Ya rubuta irin wannan 68. A na farko-farkon, goge ɗaya ne ke jan ragama sauran suna amshi. Amma a guda shida da ya rubuta a 1781 sai ka ji kamar dattawa huɗu ne ke hira, wannan ya ɗauko magana, wancan ya karɓe ta daga bakinsa. A ganina wannan ya fi simfonin nuna zurfin mutumin, don ba inda za ka ɓuya in ku huɗu ne kacal.

Akwai labarin da ba a tsallakewa. A 1772 Yarima ya daɗe a Esterhaza fiye da kima, makaɗa kuwa sun baro matansu a garin Eisenstadt, kuma ba mai iya fuskantar Yarima da wannan magana. Sai Haidin ya rubuta simfoni ta 45. Ana dab da ƙarewa, sai makaɗi ɗaya ya gama nasa, ya hure kyandir ɗinsa ya fice. Can sai wani ya bi shi, sai wani, har ya rage saura masu goge biyu a cikin duhu-duhu. Yarima ya gane karatun, kashegari aka ɗaura kaya. Shi ya sa ake kiranta Simfonin Ban Kwana.

A 1779 aka sabunta takardar aikinsa, aka cire sharaɗin da ya hana shi sayar da kiɗansa. Nan da nan sunansa ya cika Turai, alhali shi yana nan cikin fadama. Daga Kadis ta ƙasar Sifen aka aiko masa da aiki, daga Faris aka nemi simfoni shida, waɗanda ya rubuta a 1785 da 1786. Wanda ya jagoranci kaɗa su a Faris, Chevalier de Saint-Georges, haifaffen tsibirin Guadeloupe ne, kuma mahaifiyarsa baiwa ce baƙar fata. A waɗannan shekaru ne kuma ya ƙulla abota da Mozat, wanda ya girme wa da shekara 24. Babu hassada tsakaninsu ko ƙwayar zarra. Mozat ya sadaukar masa da kiɗan goge huɗu guda shida a 1785, shi kuma Haidin ya gaya wa mahaifin Mozat a gaban ido cewa bai san wanda ya kai ɗansa a wannan sana'a ba.

Duk da wannan suna, bara dai bara ne. Wasiƙun da ya rubuta a ƙarshen zamansa a Esterhaza cike suke da kukan kaɗaici da kewar Biyana. Sai a watan Satumba na 1790 Yarima Nikolaus ya mutu, magajinsa ya sallami yawancin makaɗa, aka bar Haidin da fanshonsa. Wani ɗan Jamus mai shirya wasanni a Landan, Salomon, ya taso takanas ya zo ya ɗauke shi. Yana da shekara 58, ba ya jin Ingilishi, bai taɓa ganin teku ba, amma ya tafi. Ya tsallaka zuwa Ingila ranar 1 ga Janairu 1791. Bai sake ganin Mozat ba, don ya mutu a watan Disamba na shekarar.

Landan ta karɓe shi hannu bibbiyu. Jami'ar Okusfod ta ba shi digirin girmamawa a 1791. Domin zuwansa biyu, na 1791 zuwa 1792 da na 1794 zuwa 1795, ya rubuta simfoni 12 na ƙarshe, ciki har da ta 94, wadda a tsakiyar kari mai sanyi dukan tawaga ke buga sauti ɗaya mai ƙarfi har mai gyangyaɗi ya zabura. A nan masu sauraro ba Yarima ɗaya ba ne, jama'a ce da ta biya kuɗin shiga, kuma a wasa ɗaya na watan Mayu 1795 ya tashi da gulden 4,000, ninki huɗu na fanshonsa na shekara. Tsakanin tafiyoyin biyu ne Bethoben ya zo Biyana a 1792 ya zama ɗalibinsa. Jininsu bai haɗu sosai ba, don yaron yana da taurin kai, malamin kuma aiki ya yi masa yawa, amma duk da haka Bethoben ya sadaukar masa da sonata uku na fiyano.

Ya komo gida attajiri, kuma tsufa bai sa ya ajiye alƙalami ba. A 1797 ya tsara taken yabon Sarkin Ostiriya, karin da Jamus ta ɗauka ya zama na takenta a 1922. A 1798 ya kammala Halitta, doguwar waƙa ta mawaƙa da tawaga a kan farkon duniya, a 1801 kuma Lokutan Shekara. Wannan ta ƙarshe ta cinye ƙarfinsa. A watan Maris 1808 a kan kujera aka ɗauko shi zuwa wani wasan Halitta da aka shirya don girmama shi, Bethoben yana cikin waɗanda suka halarta. Ya mutu ranar 31 ga Mayu 1809 yana da shekara 77, lokacin sojojin Napoliyon na riƙe da Biyana, kuma Napoliyon ya sa an tsaya gadi a ƙofar gidansa don girmamawa.

Sai dai ko a kabari ba a bar shi ya huta ba. 'Yan kwanaki bayan binne shi, wasu mutum biyu, Rosenbaum da Peter, masu bin wani ra'ayi na wancan zamani cewa ana iya gane baiwar mutum daga siffar ƙoƙon kansa, suka ba mai haƙan kabari cin hanci aka sare kan. Ba a gano ba sai a 1820, da gidan Esterhazi ya sa aka tono gawar don a kai ta Eisenstadt. Aka matsa wa ɓarayin, suka miƙa ƙoƙon kan wani mutum daban, suka ɓoye na ainihin. Ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu har ya ƙare a wurin ƙungiyar masoya kiɗa ta Biyana. Sai a 1954, bayan shekara 145, aka haɗa kan da gangar jikin a majami'ar Bergkirche da ke Eisenstadt. Wancan na bogin kuwa ba a cire shi ba, saboda haka kawuna biyu ne ke cikin kabarin.