Likita John Snow, Wanda Ya Auna Maganin Sa Barci

Kafin shekarar 1846, in za a yi wa mutum aikin fiɗa a asibitocin Turai, ƙarti ne ke danne shi yana ihu har likita ya gama. Ran 16 ga Oktoba na wannan shekara aka nuna a Boston ta Amurka cewa in majinyaci ya shaƙi tururin wani magani mai suna eta, sai barci ya kwashe shi, a yanka shi bai ji ba. Amma fa sanin yawan da za a ba mutum ya yi barci ba tare da ya zarce lahira ba, wannan aikin Likita John Snow ne.

An haife shi a birnin York na Ingila ran 15 ga Maris, 1813. Ubansa lebura ne, shi ne kuwa ɗan fari cikin 'ya'ya tara. Yana da shekara 14 aka kai shi Newcastle koyon aiki wurin wani likita. A 1836 ya tafi Landan neman ƙarin ilmi, ya sami digirin likita a jami'ar birnin a 1844. Mutum ne marar yawan magana, ba ya shan giya, bai kuma taɓa aure ba.

Da eta ya iso Landan, likitoci suka dinga ba da shi da ka, wani majinyaci ya farka ana tsakiyar aiki, wani kuwa ya nutse. Snow ya lura cewa yawan tururin ya danganta ga zafi ko sanyin maganin, kuma da ya fara tashi sai ya yi sanyi, ƙarfinsa ya ragu. Saboda haka ya ƙera wani ɗan akwatin ƙarfe da ake zaunarwa cikin ruwa don ɗuminsa kada ya sāke, ya haɗa shi da marufin hanci da baki. A 1847 ya buga littafi inda ya raba barcin hawa biyar, tun daga jiri har zuwa inda numfashi ke neman tsayawa, don likita ya san inda zai dakata.

Cikin Nuwamba na 1847 Likita James Simpson na Edinburgh ya fito da kulorofom, wanda ya fi eta ƙarfi da saurin kamawa. Ba a yi wata uku ba, a Janairu na 1848, wata yarinya 'yar shekara 15, Hannah Greener, ta mutu kusa da Newcastle bayan an shaƙa mata shi don a cire mata farcen ƙafa. Snow ya bi labarin wannan mutuwa da waɗanda suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya, ya kuma gwada maganin a kan ƙananan dabbobi. Abin da ya gano shi ne, in tururin ya yi kauri cikin iskar da ake shaƙa, yakan tsai da zuciya farat ɗaya. Sai ya tsaya kan cewa lalle a riƙa aunawa, kuma a sami likita daban wanda ba shi da wani aiki sai lura da numfashi da bugun jinin majinyaci.

Ran 7 ga Afrilu, 1853, aka kira shi fada, ya ba Sarauniya Biktoriya kulorofom kaɗan kaɗan a kan hankici lokacin haihuwar ɗanta Leopold. Wata babbar mujallar likitoci, Lancet, ta soki abin, amma Sarauniya ta sake kiransa a 1857 wajen haihuwar Beatrice. Daga nan sukar da ake yi wa rage zafin naƙuda ta fara lafawa.

Bai tsaya nan ba. A 1854 kwalara ta kashe mutum fiye da 500 cikin kwana goma a unguwar Soho ta Landan. Ya bi gida gida, ya tarar yawancin mamatan daga famfo guda na titin Broad suke ɗiban ruwa, ya sa hukuma ta cire hannun famfon. A lokacin likitoci da yawa na ganin gurɓatacciyar iska ce ke kawo cutar, sai bayan mutuwarsa aka yarda ruwa ne.

Shanyewar jiki ta same shi yana kan rubuta littafinsa na kulorofom, ya mutu ran 16 ga Yuni, 1858, yana da shekara 45. Abokinsa Benjamin Richardson ne ya buga littafin a wannan shekara.

An daina amfani da kulorofom tuntuni saboda illar da yake yi wa zuciya da hanta, an sami magungunan da suka fi shi aminci. Ka'idar Snow kuwa tana nan. Duk wanda aka shiga da shi ɗakin tiyata, a Ikko ko Ibadan ko Kano, zai ga wani ma'aikaci tsaye wajen kansa, yana auna magani yana duban numfashinsa har ya farfaɗo. Wannan shi ne magajin John Snow.