Alƙali Sahnunu na Ƙairawan

Sunansa na yanka Abdussalami ɗan Sa'idu, amma laƙabinsa Sahnunu shi ya bi duniya. An haife shi shekara ta 160 daga Hijira, ya tashi a birnin Ƙairawan, cikin ƙasar da a ke kira Tunisiya yanzu. Ubansa mutumin Sham ne, ya zo ƙasar tare da runduna.

Da ya yi karatu a gida, sai ya tafi Masar wurin Ibnul Ƙasimi, almajirin Imamu Maliki. Ya riƙa kawo masa mas'aloli ɗaya ɗaya, na ciniki da bashi da jingina da aure da gado, malamin yana ba shi amsa bisa ga abin da ya ji daga Maliki. Abin da ya tattara shi ne littafin Mudawwana. Daga gare ta Halilu ya ɗebo wani sashe na Muhtasar, wanda alƙalan ƙasar Hausa su ka daɗe suna hukunci da shi.

A shekara ta 234, watau 848, Sarki Muhammadu ɗan Aglabu ya neme shi da alƙalanci, yana da shekara 74. Ya ƙi, aka yi ta lallashinsa har kusan shekara guda. Bai yarda ba sai da sarki ya ɗaukar masa alkawari hukuncinsa zai hau kan dangin sarki da fadawansa kamar yadda ya ke hawa kan talaka. Albashi kuwa bai karɓi ko anini don kansa ba.

Da ya hau, ya keɓe ɗaki a masallaci don shari'a. Ba mai shiga sai mai ƙara da wanda a ke ƙara da shaidunsu, don kada taro ya ruɗa mai magana. Mai da'awa ya kawo shaidu, in ya rasa a rantsar da wanda ya yi musu. Wanda ya zagi abokin shari'arsa a gabansa, sai ya hore shi. Dukiyar ajiya, wadda dā a ke tarawa gidan alƙali, ya danƙa ta hannun amintattu. Ƙananan ƙararraki kuwa, waɗanda ba su wuce dinari 20 ba, ya naɗa musu mataimaki, don kada mai ƙaramin haƙƙi ya tsufa a ƙofar alƙali. Ya kuma sa ido kan kasuwa, yana hana algus.

Shekara shida kaɗai ya yi bisa buzun alƙalanci. Ya rasu cikin watan Rajab na 240, watau 854, sarki da kansa ya sallace shi, aka rufe shi a Ƙairawan. Ma'aikacin da aka ba amanar talakawa yana da abin koyi ga wannan dattijo, wanda ya nemi sharaɗi tun kafin ya karɓi rawani, ya kuwa tsaya a kansa har ya koma ga Ubangijinsa. Allah ya ji ƙansa, amin.