Joj Washinton: Janar ɗin da Ya Mayar da Takardar Naɗinsa



Da yawa daga cikinmu mun taɓa ganin bikin miƙa ragamar rundunar soja, ko da a talabijin ne. Sojoji su jeru a filin fareti, badujala na tashi, kwamanda mai barin gado ya miƙa tutar runduna, sabon kwamanda ya karɓa a gaban kowa. A sojan Amurka, babban saje manjo ne ke riƙe da tutar, ya miƙa wa tsohon kwamanda. Shi kuma ba ya ba magajinsa kai tsaye, sai ya mayar wa hafsan da ke sama da su duka biyun, wannan hafsa shi ke damƙa wa sabon. Hikimar abin guda biyu ce. Ta farko, gani ya kori ji: kowane soja ya gani da idonsa wanda zai yi wa biyayya daga wannan rana. Ta biyu, kwamanda ya tuna cewa runduna ba gadon gidansu ba ce. Ba shi aka yi, kuma ga wanda ya ba shi zai mayar.

A wannan fitowa mun ɗauko muku tarihin wani hafsa da ya yi irin wannan miƙawa a lokacin da babu mai ikon tilasta masa, wato Joj Washinton, shugaban Amurka na farko.

An haife shi ranar 22 ga Fabrairu, 1732, a yankin Birjiniya, lokacin da gabashin Amurka ke ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila. Mahaifinsa manomi ne mai gonaki da bayi. Ya rasu a 1743, Joj yana ɗan shekara 11, saboda haka yaron bai samu zuwa makaranta a Ingila ba kamar yadda yayyensa suka yi. Da ɗan lissafin da ya koya a gida ya zama safiyo, mai awon filaye, tun yana shekara 17. Wannan aiki ya sa ya saba da kwanan daji, da hawan doki, da sanin ƙasa, abubuwan da suka yi masa rana daga baya.

A ƙarshen 1753, yana manjo mai shekara 21 a cikin dakarun Birjiniya, gwamna ya aike shi da takarda zuwa ga Faransawan da ke kafa sansanoni a yankin kogin Ohio, ana neman su tashi. Suka ƙi. Shekara ta zagayo aka mayar da shi da sojoji, kuma nan ya sha kayensa na farko. A watan Yuli na 1754 Faransawa suka yi wa ɗan sansaninsa ƙawanya cikin ruwan sama, dole ya miƙa wuya. A 1755 ya bi Janar Braddock na Ingila a matsayin mai taimaka masa. Aka yi musu kwanton ɓauna, Braddock ya samu raunin da ya zama ajalinsa. An harbe dawaki biyu da Washinton ke kai, harsashi huɗu suka huda kwat ɗinsa, amma ya fita lafiya, har ya taimaka wajen janye waɗanda suka tsira. A wannan shekarar aka ba shi muƙamin kanar, da ragamar rundunar Birjiniya baki ɗaya, yana da shekara 23.

Babban burinsa a lokacin shi ne a ɗauke shi hafsa a ainihin sojan Sarkin Ingila. Ya nema, ya sake nema, bai samu ba, domin hafsoshin Ingila ba sa ganin 'yan mulkin mallaka da gashi. A ƙarshen 1758 ya ajiye aiki. Ya auri Martha Custis a watan Janairu na 1759, ya koma gonarsa ta Mount Vernon, ya kuma zama ɗan majalisar Birjiniya. Shekara 16 ya yi yana noma da zaman majalisa. A wurin ne ya koyi yadda farar hula ke muhawara, da irin tsoron da suke yi wa soja mai ƙarfi.

A 1775 rikicin haraji tsakanin Ingila da yankunanta 13 ya rikiɗe ya zama yaƙi. Wakilan yankunan suka taru a Filadalfiya, ranar 15 ga Yuni suka zaɓi Washinton babban kwamandan sojojinsu, suka ba shi takardar naɗi. Ya karɓa, amma ya ƙi albashi, ya nemi a biya shi abin da ya kashe kawai. Ranar 3 ga Yuli ya karɓi ragama daga hannun Janar Artemas Ward a kusa da birnin Bostan. Ku riƙe zancen wannan takarda, domin za mu sake haɗuwa da ita.

Rundunar da ya tarar ta manoma da masu sana'a ce, ba horo, ba isasshen albarushi. Ya samu nasarar korar sojojin Ingila daga Bostan a watan Maris na 1776, amma kafin shekarar ta ƙare an fatattake shi daga Niyok, sojojinsa suna ta sulalewa gida. A daren 25 ga Disamba ya ƙetare kogin Delaware cikin ƙanƙara, da safe ya auka wa sojojin hayar Jamus a garin Trenton, ya kama kimanin 900. Wannan nasara ita ta hana rundunar watsewa. Sanyin 1777 zuwa 1778 kuwa a Valley Forge suka yi shi. Kimanin soja 12,000 suka shiga sansanin, wajen 2,000 cuta da yunwa da sanyi suka kashe. Majalisa ba ta da kuɗi, ga jan ƙafa. Duk da haka Washinton bai juya mata bindiga ba, wasiƙu ya yi ta aika mata yana roƙo yana tuni. A 1778 Faransa ta shiga yaƙin a ɓangaren Amurkawa, kuma ranar 19 ga Oktoba, 1781, rundunar Janar Cornwallis ta miƙa wuya a Yorktown.

A wannan rana an ga yadda yake kiyaye tsarin muƙami. Cornwallis ya ce ba shi da lafiya, ya aiko mataimakinsa da takobi. Washinton bai karɓa da hannunsa ba, ya nuna wa ɗan aiken nasa mataimakin, Janar Benjamin Lincoln. Mataimaki ya miƙa wa mataimaki.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Jarrabawar Washinton mafi tsanani bayan an daina harbi ta zo. Sojoji suna zaune a sansani ana jiran yarjejeniyar sulhu, suna bin bashin albashi mai yawa, alkawarin fanshon hafsoshi kuma babu alamar cikawa. A watan Mayu na 1782 wani kanar mai suna Lewis Nicola ya rubuto masa yana ba da shawarar a kafa sarauta, kuma ba sai an faɗi wanda zai zama sarkin ba. Nan take Washinton ya mayar masa da amsa mai zafi, ya gargaɗe shi kada ya sake tayar da zancen.

A watan Maris na 1783, a sansanin Newburgh, wata takarda marar sa hannu ta zaga tsakanin hafsoshi, tana zuga su kada su ajiye makamai sai majalisa ta biya su. Wannan hanyar juyin mulki ce a fili. Ranar 15 ga wata hafsoshin suka taru, ba zato Washinton ya shigo. Ya yi musu jawabi a kan haƙuri da biyayya, amma fuskoki ba su saki ba. Sai ya ciro wasiƙar wani ɗan majalisa zai karanta, ya kasa ganin rubutun sosai. Ya laluba aljihu ya fito da tabarau, wanda yawancinsu ba su taɓa ganinsa da shi ba, ya ba su haƙuri da cewa furfura ta kama shi, ga ido ya fara rauni, duk a wajen bautar ƙasa. Jikin kowa ya yi sanyi, wasu har da hawaye. Taron ya tashi da tabbatar da biyayya ga majalisa. Shi kuma ya ci gaba da matsa wa majalisar, har ta amince a ba hafsoshi cikakken albashin shekara biyar a maimakon fansho.

An sa hannu a yarjejeniyar sulhu a birnin Faris ranar 3 ga Satumba, 1783. Sojojin Ingila suka bar Niyok ranar 25 ga Nuwamba. Ranar 4 ga Disamba Washinton ya tara hafsoshinsa a wani gidan cin abinci na birnin, ya yi bankwana da su ɗaya bayan ɗaya. A kan hanya ya tsaya Filadalfiya ya miƙa lissafin kuɗin da ya kashe a tsawon yaƙin. Daga nan ya nufi Annapolis, inda majalisa ke zama a lokacin.

Ranar 23 ga Disamba, 1783, da tsakar rana, aka yi bikin. Babu fareti, babu tuta. Wakilai kimanin 20 ne a zauren, ga 'yan kallo sun cika ko'ina. An tsara komai tun kafin ranar, kuma da gangan aka tsara shi. Wakilai za su kasance a zaune da hulunansu a kai. Janar zai miƙe tsaye ya yi magana, ya rusuna musu. Su kuwa ba za su rusuna ba, ɗaga hula kawai za su yi. Manufar ita ce kowa ya ga cewa wakilan jama'a suna sama da mai bindiga. Wani abin lura, shugaban majalisar da ke zaune a kan kujera, Thomas Mifflin, a 1775 yana cikin masu yi wa Washinton hidima a matsayin hafsa mai taimaka masa. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya, kuma Washinton bai nuna ƙyashi ba. Waɗanda suka halarta sun ba da labarin cewa hannunsa ya yi ta rawa, sai da ya riƙe takardar jawabin da hannu biyu. Da ya gama, ya ciro takardar naɗin nan ta 1775 daga cikin kwat ɗinsa, ya miƙa wa Mifflin. Kashegari da yamma yana gonarsa. Ragowar sojoji kuma suka koma ƙarƙashin Janar Henry Knox.

Don a gane girman abin, a tuna cewa a Ingila Oliver Cromwell ya ci yaƙi da sunan majalisa, sannan a 1653 ya kori majalisar da sojoji. A Faransa, a 1799, Janar Napoleon ya ƙwace mulki, daga baya ya naɗa kansa sarki. Washinton ya fi ƙarfin majalisarsa nesa ba kusa ba, amma ya je gabanta a tsaye.

An sake nemansa. Shi ya shugabanci taron rubuta tsarin mulki a 1787, aka rantsar da shi shugaban ƙasa ranar 30 ga Afrilu, 1789. Bayan wa'adi biyu ya ƙi neman na uku, ko da yake babu dokar da ta hana shi. Ranar 4 ga Maris, 1797, ya halarci rantsar da John Adams a matsayin ɗan ƙasa kawai. Sai a 1951 aka mayar da iyakar wa'adi biyu doka a Amurka. Ya rasu ranar 14 ga Disamba, 1799, yana da shekara 67.

Ba za mu rufe ba tare da faɗin inda tarihinsa ke da tabo ba. Mutumin da ya yi yaƙin neman 'yanci ya rayu yana mallakar bayi baƙar fata. Lokacin rasuwarsa akwai bayi 317 a Mount Vernon. A wasiyyarsa ya ba da umarnin 'yanta 123 da suke mallakarsa, amma bai yi haka da ransa ba. A 1779 kuma shi ya ba da umarnin harin da ya ƙone garuruwan 'yan asalin ƙasar na ƙabilun Iroquois kimanin 40, da gonakinsu. Adalci shi ne a faɗi waɗannan tare da wancan.

Hotonsa yana kan takardar dala ɗaya, babban birnin ƙasar sunansa ya ci. A 1976 aka ƙara masa girma bayan mutuwa, don kada wani hafsan Amurka ya kasance sama da shi. Amma cikin manyan zane-zanen da ke rataye a ginin majalisar dokokin Amurka, akwai wanda ke nuna shi tsaye a Annapolis yana miƙa takarda.

'Yan'uwa, a cikinmu akwai masu burin shiga soja, akwai kuma masu riƙe da muƙami tun yanzu: shugaban ɗalibai, firifet, monita, har da mu shugabannin wannan ƙungiya. Shekarar karatu za ta ƙare, kowa zai miƙa wa na bayansa. Kafin ranar ta zo, ya kamata kowannenmu ya tambayi kansa abu uku. Wa ya ba ni wannan muƙami? Lissafina a rubuce yake? Kuma wanda zai gaje ni, na koya masa aikin, ko kuwa ɓoye masa nake yi?

Mu haɗu a fitowa ta gaba, da yardar Allah.