Jesse Owens: Ɗan tseren da jami'o'i suka yi rububinsa amma aka hana shi ɗakin kwana

An haifi James Cleveland Owens ranar 12 ga Satumba, 1913 a Oakville da ke jihar Alabama ta Amurka. Mahaifinsa manomi ne da ke noma gonar wani ana raba amfanin, kakansa kuwa bawa ne. Yana ɗan shekara tara iyayensa suka koma birnin Cleveland na jihar Ohio neman abinci.

A ƙaramar sakandare ne wani malamin wasanni, Charles Riley, ya hango gudunsa. Da yake yaron na zuwa aikin ƙwadago bayan an tashi, sai Riley ya riƙa horar da shi da sassafe kafin shiga aji.

A 1933, yana ɗalibin sakandaren East Technical, ya je gasar makarantu ta ƙasa a Chicago, ya gama tseren yadi 100 cikin daƙiƙa 9.4, daidai da bajintar duniya ta lokacin. Nan take masu horarwa na jami'o'i suka shiga zawarcinsa.

Ya zaɓi Jami'ar Jihar Ohio, ƙarƙashin koci Larry Snyder. Sai dai duk wannan rububi bai sama masa tallafin karatu ba. Da aikin kula da lif ya riƙa biyan kuɗin makaranta, kuma saboda shi baƙar fata ne, a wajen jami'a yake kwana.

Ranar 25 ga Mayu, 1935 a garin Ann Arbor, cikin kusan minti 45 ya kafa sabon tarihin duniya har uku, ya kamo na huɗu. A gasar Olamfik ta Berlin a 1936, lokacin mulkin Hitler, ya ci zinare huɗu.

Bayan gasar ya ƙi zuwa wasu wasanni a Suwidin, hukumar wasannin Amurka ta dakatar da shi. Har tsere da dawaki ya yi don ciyar da iyalinsa, kuma bai kammala digirinsa ba. Sai a 1972 jami'ar ta ba shi digirin girmamawa, Shugaba Gerald Ford kuma ya karrama shi a 1976.

Owens ya mutu ranar 31 ga Maris, 1980 a Tucson sakamakon kansar huhu, yana da shekara 66.